Diyyar Hannun Dabo

Ranar da wanzami ya yanke hannun Dabo daga gwiwar hannu, Attahiru fatoma, mai saukar da fatake, ya yi kuka har da majina. Duk Illela kuwa an san wanda ya ɗaure hannun nan da ɗanyar fata kwana uku saboda ɓatan ƙullin gishiri. Amma wa zai faɗa? Dabo bawan Attahiru ne, tun yana yaro ya saye shi daga hannun mayaƙa, da tsaga uku-uku a kumatu. Sau biyu ana aiko masa daga arewa a fanshi yaron, yana korar 'yan aike.

Shekara huɗu ke nan da Nasara suka ci Sakkwato, amma shari'a na hannun alƙali.

A makon nan, tun kafin a yanke hannun, wani Halliru, mai raƙuma daga ƙetaren iyaka, ya sauka a gidan Attahiru. Dattijo ne mara magana, kullum fuskarsa rufe da amawalin rawani, ko abinci sai ya juya baya yake ci. Attahiru ya dubi raƙuman nan, ya dubi dungun Dabo, sai yawunsa ya tsinke. Washegari ya kai ƙara, wai raƙumin baƙo ne ya tauna hannun.

Alƙali ya tambayi Halliru. Shi kuwa, ko gardamar da ake yi a cinikin albasa bai yi ba. Ya ce tunda mai masaukinsa ya faɗa, shi ba zai ja ba. Mutane suka yi ta ƙus-ƙus, wai ba su taɓa ganin sakarai irin wannan ba.

Alƙali ya bayyana hukunci. In bawa ne, ubangijinsa za a biya abin da ya ragu a darajarsa, bai fi raƙumi guda ba. In ɗa ne kuwa, rabin diyyar rai, wato ayarin baƙon kaf.

Nan fa Attahiru ya yi zumbur.

"Bawa? Mi ya kawo zancen bauta? Allah gafarta malam, ai na daɗe da 'yanta shi!"

Ya yi alwala, ya dafa Alƙur'ani, ya rantse ya 'yanta Dabo, kuma raƙumin ne ya tauna hannun, ko ƙifta ido bai yi ba. Kai, kwaɗayi bai yi ba! Aka rubuta, shaidu suka sa hannu. Attahiru ya nufi ragamar raƙuma yana murmushi, har ya fara tunanin inda zai ɗaure su.

Alƙali ya ce ya dakata. Diyyar ɗa ai ta mai hannu ce. Dabo yanzu ba na kowa ba ne, shi da raƙumansa su tafi inda suka ga dama. In kuma Attahiru ya janye rantsuwa, sai ya faɗi wanda ya kashe hannun. Fatoma ya tsaya yana zare ido kamar ɓeran da aka buɗe wa rumbu.

Dabo ya ja ragama da hannunsa ɗaya ya yi arewa, don bai san wata hanya ba. Baƙon da aka tsiyata ya bi shi a ƙasa, mutane na yi masa dariya.

Sai da suka wuce dutsen iyakar da Nasara suka kafa, dattijon ya sauke amawali yana hawaye, ga tsaga uku-uku a kumatunsa, ya ce, "Ja su mu tafi gida, ɗana, uwarka na jira."