Ranar da Majo Ta Tafi Kasuwa

Lokacin ina ɗalibi, Majo, shugabar ma'aikatan jinya a asibitinmu na Garwa, ta danƙa mini makullai.

"Yau kai ne babba, ɗana. Na tafi kasuwa."

"Mama, in wani abu ya faru fa?"

"Wannan kan naka na sa hula ne kawai?"

Fitarta ke da wuya numfashin wani dattijo ya sarƙe. Tsofaffin ma'aikata suka zuba mini ido. "Ranka ya daɗe, umarni muke jira!"

Na tura wannan ɗauko tukunyar iska, waccan kiran likita. Dattijo ya tsira. Ni ma da ƙyar.

Na yi shekaru ina ba da labarin rashin imaninta.

Bana, da furfurata, na miƙa wa wata ɗaliba makullan, na ce na tafi kasuwa. Zuciya ta ƙi, sai na laɓe a ɗakin ajiye zannuwa. Nan na ga wani tsohon huji a jikin ƙofar, daidai saitin gadajen marasa lafiya. Sai da na rusuna kafin idona ya kai gare shi.

Allah ya jiƙan Majo, gajeruwa ce.