Kilishi a Aljihuna

Ina ɗan shekara bakwai muka je hutu gidan Kawu a garin Manassas, can ƙasar waje. Na dame shi sai na ga beyar, baƙar dabbar nan ta talabijin, har ya kwashe mu, ni da Baba, zuwa dajin kan duwatsu.

"A bar abinci a mota," in ji Kawu. "Hancinta ya fi na kare."

Na ce to, alhali kilishin da matarsa ta ba ni yana aljihuna.

La'asar ta yi, suka shimfiɗa darduma suka tayar da salla. Suna raka'a ta biyu ganyaye suka motsa. Sai ga beyar, tana ɗaga hanci, tana nufo ni. Ƙamshin yaji da ƙuli duk ya cika wajen. Na dafe aljihuna.

Ban taɓa ganin Baba ya katse salla ba sai ranar. Ya shiga tsakaninmu, ya ce:

"Kar ka gudu. Riƙe rigata."

Ta daɗe tana kallonmu kafin ta juya.

Har Baba ya rasu ban gaya masa abin da ke aljihuna ba.