Maginiyar da Ke Binne Tsingaronta

Sabi'u, gyara zama ka sake faɗa mini zancen ɗalibar nan taka, don abin ya ɗaure mini kai. Ka ce Baturkiya ce, ma'aikaciyar jinya, Gulizar sunanta, kana koya mata Turanci a can garinsu Bursa don ta ci jarrabawar da za ta ba ta damar aiki a waje. Ka ce ta haddace kalmomi kamar ta haɗiye ƙamus, duk aikin da ka ba ta sai ta kawo shi tsaf babu kuskure, amma ta shiga jarrabawa ta faɗi, kuma in ta sake faɗuwa gurbin aikin ya tafi. To ni abin da nake son sani ɗaya ne: kurakuranta ina suke zuwa? Mai koyo ba ya rasa su. In ba ka taɓa ganinsu ba, akwai inda take kai su.

Akwai wata maginiyar tukwane da ƙaura ta kai ta wani gari mai nisa da nasu. A garinsu ba ta da na biyu, kuma da sana'ar take ci da kanta. A sabon garin kuwa mata magina tare suke gashi a fili ɗaya, kuma ba sa barin baƙuwa ta sa kayanta cikin nasu sai shugabarsu, wata tsohuwa, ta gwada aikinta, domin tukunya ɗaya in ta fashe a wuta takan tafi da na kusa da ita. Gwajin ba wani dogon abu ba ne. Za ki gasa naki a gida ki kawo, tsohuwa ta ƙwanƙwasa da bayan yatsa ta saurara. Baƙuwar nan ta ɗebo yumɓun garin, ta kwaɓa shi yadda uwarta ta koya mata, ta gina, ta shanya, ta gasa a bayan ɗaki. Da wuta ta mutu sai ta tarar da rabi sun tarwatse, sauran kuma duk suna da siririyar tsaga a gindi. Kunya ta kama ta, ita da ake tasowa daga ƙauyuka don randarta. Ta haƙa rami a bayan danga ta binne tsingaron, masu tsagar kuma ta shafe su da yumɓu, ta goge har suna ƙyalli. Maƙwabciyarta, wadda ita ma maginiya ce, takan leƙo ta ce, "Baƙuwa, ina waɗanda suka fashe?" Sai ta amsa da fara'a, "Ai ni nawa ba sa fashewa." Ranar gwaji tsohuwa ta yaba ginin, ta yaba bakin tulun, sannan ta ƙwanƙwasa. Amon ya fito a dakushe kamar an bugi buhun dusa. Sai ta mayar mata da kayanta.

Haka ta yi ta yi, rami yana cika, hatsin rumbu yana ƙarewa. Wallahi tana ba ni tausayi, don ba ragguwa ba ce, ta fi kowa tashi da wuri. Ana nan sai aka yi ruwa mai ƙarfi a farkon damina, ya zaizaye bayan dangar, ya kwaso tsingaron nan ya baza su a kan hanya, kowa na gani. Ta fito da tsintsiya, sai ta tarar da maƙwabciyar a tsugune, ta ɗauki guda tana jujjuya shi a rana. Ba dariya take ba, kallon bakin karayar take, ta kankare shi da farce, har ta ɗan taɓa shi da harshe. Ta ce, "Ikon Allah! Ke zallan yumɓu kike ginawa?" Baƙuwa ta ce to da me za a gina? Ashe yumɓun garinsu yana fitowa da yashinsa a ciki, shi ya sa ba su taɓa sanin ana haɗa shi da komai ba. Na wannan gari kuwa laushi gare shi kamar man shanu, ba ya jure wuta sai an daka tsohon tsingaro an zuba masa. Hannunta bai yi laifi ba, abin da ya saba da shi yake yi a ƙasar da ba ta san shi ba. Nan take suka tattara abin da ruwa ya tono, suka zuba a turmi suka daka, suka kwaɓa da sabon yumɓu. Tukunyar da ta fito daga wannan haɗi, da tsohuwa ta ƙwanƙwasa ta, amonta garau har bakin fili. Maganin yana binne a bayan dangarta tun ranar farko.

To ka gani, Sabi'u. Ni ban san Turkanci ba, amma na san kowane harshe da irin yumɓunsa, kuma hannun ɗalibarka da na gida ya saba. Ina zargin tana gyara aikinta tun kafin ya iso gare ka, ta duba amsa, ta shafe tsagar, ta kawo maka mai ƙyalli. Kai kuma kana ta yabon bakin tulu, malamin kirki! In ka koma, ka ajiye littafin, ka sa ta yi magana, ta yi rubutu a gabanka, ta ɓata yadda za ta ɓata. Ka ɗauki kowane kuskure ka jujjuya shi, ku ga ta ina yake karyewa, ku daka shi ku mayar cikin darasi. Mai jarrabawa ƙwanƙwasawa zai yi, kuma ba ruwansa da kunyarta. Gara ta sha kunyar a gabanka yau, kai da kake neman ta da alheri. Ka gaya mata Hausawa sun ce, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.