Farin Zanen Misilin

Aikina a tafkin Koggala lokacin yaƙin duniya na biyu shi ne share wa jirage hanya. Jiragen saman sojan Ingila a kan ruwa suke sauka, kuma kututturen kwakwa ɗaya ya isa ya fasa cikin jirgi. Kullum ina cikin kwalekwale ina tsince itace.

Kunnuwana sun yi nauyi tun ina kamun kifi da nakiya. Ban gaya wa Turawa ba, don kada su kore ni.

Matata Misilin ta tsiri wata ɗabi'a. Duk sanda jirgi zai sauka, sai ta hau dutsen bayan gidanmu tana kaɗa farin zane. A cikin masu ɗaure jiragen kuwa akwai Wilbat, wanda ya nemi aurenta kafin ni. Shi ke tsayawa a goshin kwalekwalen inji, da hular soja.

"Hendirik, ga tutarka can ta tashi!" in ji abokan aiki. "Amma fa ba kai ake gaisarwa ba."

Ina aiki, idona yana kan dutsen. Da na ga zanen sai zuciyata ta tafasa, in ja kwalekwale gefe don in ga ko Wilbat zai ɗaga mata hannu. Sai jirgi ya keta ruwan a bayana, daidai inda na baro.

"Wa kike kaɗa wa?" na tambaye ta.

"Ci shinkafarka, sarkin zargi," ta ce, tana dariya.

Zazzaɓi ya ɗauke ta kafin yaƙi ya ƙare, ba ta ba ni amsa ba.

Ranar sadakar bakwai sai ga Wilbat da ayaba a hannu. Na tare ƙofa.

"Har shinkafar mutuwarta za ka ci?"

"Yaya, matsa in wuce."

"Sai ka faɗa mini abin da ke tsakaninku."

Ya ajiye ayabar, ya matso daf da kunnena, ya ɗaga murya.

"Tun da kuka yi aure, sau ɗaya ta taɓa yi mini magana. Roƙona ta yi in riƙa sa hular nan, in tsaya inda za ka gan ni. Ta ce ba ka jin ƙarar jirgi, kuma in ta ce kai take yi wa gargaɗi, girman kai ba zai bari ka duba ba, amma kishi ba zai bari ka ɗauke ido ba."