Darussan Mutuwar Filibus

Ana zaman makokin Filibus a unguwar Goudel wata maƙwabciya ta miƙo wa Priska salula, ta ce gara ta gani da idonta da ta ji a bakin mutane. Hoton rubutu ne mai yawo a WhatsApp, an yanke samansa an yanke ƙasansa, kamar yadda masu turawa suka saba.

"Jiya na rasa shoferina a hanyar Dosso, kuma mutuwarsa ta koya mini darussa uku na shugabanci. Na ɗaya, ma'aikaci nagari ba ya cewa ya gaji. Na biyu, aiki ba ya jiran hawaye: kafin la'asar na ɗauki wani. Na uku, a rashi ake gane jagora, shi ya sa ban soke tarona ba. Kai fa, me ma'aikatanka suka koya maka yau?"

Priska ba ta yi kuka ba. Ta san hannun, kuma ta san mai hannun.

Ƙanenta Filibus ya daɗe yana tuƙa Onorabul Oumarou, wani dipite, wato ɗan majalisa, da ya ɗauki shafin intanet ɗin nan da ma'aikata ke tallan kansu kamar mumbari. In ya sha shayi darasi ne, in taya ta fashe masa darasi ne. Sai wata rana aka wayi gari da wani shafin mai suna Onorabul Darasi, yana kwaikwayonsa har da inda yake sa ayar tambaya. Niamey ta samu abin dariya. Shi kuwa dipite ya rantse sai ya ga bayan mai yin sa.

Mutum biyu ne suka san sirrin, Filibus da yayarsa. Mai shafin Abdoulkarim ne, aminin Filibus, wanda ya gama jami'a bai samu aiki ba, yana sayar wa kawunsa katako a kasuwar Katako. Filibus kan kawo masa labarin mota, shi kuma ya sa gishiri. Priska ba ta da shafin, aikin jinya bai bar mata lokaci ba, amma duk abin da ya fito sai an turo mata hotonsa, ta yi dariya har da riƙe ciki. Filibus ya sha cewa almajirin ya kusa fin malamin.

Yau abin ya zo kan gawar ƙanenta. Abin da ya fi ƙona mata rai, Abdoulkarim na nan zaune a ƙofar gida cikin maza, idonsa jajur. Shi ya shiga coci karon farko a rayuwarsa, shi ya sa kafaɗa ya ɗauki akwatin. Ashe da hannu ɗaya yake ɗaukar gawa, da ɗayan yana neman masu yi masa tafi.

Da ya zo yi mata sallama, ya ce, "Yaya, ko me kike buƙata ki kira ni," sai ta dube shi kawai ta kau da kai. A ranta ta ce tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.

Washegari ta yafa baƙin mayafinta ta tafi biron dipite, wato ofishinsa. Sakatarensa ya tare ta, ta ce sunan mai Onorabul Darasi ta kawo. Ta faɗi sunan, ta faɗi layin da rumfarsa take, har launin babur ɗinsa. Ba a tambaye ta dalili ba, ita ma ba ta bayar ba.

A tsakiyar kasuwa aka kama shi, gaban kawunsa da masu ciniki. Wanda ya gani ya ce an ja shi a ƙasa, takalminsa ɗaya ya tsaya a cikin dusar katako. A kwamisariyar 'yan sanda ya amsa cewa shafin nasa ne, amma ya dage tun ranar haɗarin da ya kashe Filibus bai iya rubuta ko harafi ba. Da labari ya kai wa Priska, sai ta taɓe baki. Wane ɓarawo ne ya taɓa cewa shi ya ɗauka?

Uwar Abdoulkarim ta zo har Goudel, tsohuwa mai dogara sanda, ba ta san wanda ya kai ɗanta ba. Roƙo ta zo yi, ko Priska za ta sa baki wajen mai gidan marigayi, tunda an ce za a wuce da yaron gidan kaso, ga shi saura kaɗan ya zauna jarrabawar shiga aikin koyarwa. Priska ta ba ta ruwa, ta ce za ta duba. Ta ji daɗin ƙaryar, kuma ba ta ji kunyar jin daɗin ba.

Bayan sati Onorabul ya aiko mota ta kai ta gidansa a unguwar Koira Kano. Ya tarbe ta da fara'a, ya yaba hankalinta, ya tabbatar mata yaron nan sai ya yi furfura bai manta da shi ba. Sannan ya gyara zama, ya jawo salularsa.

"Ɗiyata, ban samu zuwa gaisuwa ba, amma ban manta da Filibus ba. Na karrama shi a shafina, mutane sun yaba ƙwarai. Bari ki ji."

Ya gyara murya, ya fara karantawa da alfahari: "Jiya na rasa shoferina a hanyar Dosso, kuma mutuwarsa ta koya mini darussa uku."