Muryar Mijin Tasalla

Tun da aka kafa dokar goge muryar mamaci daga waya ranar da matarsa ta fita takaba, ɗakin adana tarihi na jami'a kaɗai ke iya tsirar da ita. Yau Tasalla ta fita. Ta kasa zama, sai kai-komo take tsakanin littattafan ajami, takubba da tsofaffin kaset.

"Inna, abin tarihi muke karɓa," in ji ma'aikaciyar. "Me marigayin ya ce?"

Tasalla ta kunna. "Tasalla, kin ga takalmina?"

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, 'yar nan. Kullum sai ya tambaya."

Ma'aikaciyar ta girgiza kai. Da la'asar ake gogewa, ga ladan har ya fara. Tasalla ta sake kunnawa.

"Yana bayan ƙofa, Malam," ta ce.