Matakalar da Hoto Bai Nuna Ba

Lurwanu, ka ce za ka sake wa gyatumarka fasalin ɗakinta kafin ta dawo daga ƙauye, wai don ka ba ta mamaki. Madalla da niyya. Amma ajiye igiyar awon nan tukuna, ka ji wani misali.

An yi wani maƙerin gwangwani, mai yin mazurari da fitilar aci-balbal a bakin kasuwa. Mahaifinsa tsohon direba ne. A zamaninsa yana da wata mota mai dogon hanci, irin masu sitiyari a dama, wadda ya sake wa kama da hannunsa: ya yanke rufin baya ya ɗora na katako, ya kafa mata ham na tagulla mai robar matsawa, ya shafe ta da kore shar. Tun maƙerin yana goye aka sayar da motar. Daga baya matar tsohon ta rasu, idanunsa kuma suka tafi, sai ya ɗinke bakinsa, ba ka jin komai sai "to" da "Allah ya yi albarka". Shirun nan shi ke cin maƙerin a rai, yana tsoron uban ya bar duniya bai ƙara jin dariyarsa ba. Ran nan ya tsinci hoton motar a ƙasan akwati, tsohon na tsaye jikin ƙofar direba yana ƙasaita. Ya buga cinya ya ce wallahi sai ya mayar masa da motarsa, ko da 'yar ƙarama ce ta riƙewa a hannu.

Kai, zo ka ga aiki! Ya san tsawon mahaifinsa, sai ya kwatanta da na cikin hoton, da haka ya fitar da awon motar, kowace ƙafa ɗaya ya mayar da ita inci ɗaya. Ya buɗe gwangwanayen madara ya daddaka su suka miƙe, ya lanƙwasa hancin a kan ƙotar fartanya, ya liƙe da dalma. Tayoyi daga tsohon silifa, fitilu daga ƙwan tocila, kujeru da jemammiyar fatar akuya. Ƙofa ɗaya sau bakwai yana yin ta kafin ta yarda ta buɗe ta rufe. Masu zuwa sayen mazurari suka koma 'yan kallo, shi kuwa har abincinsa ke hucewa bai sani ba. Ya gargaɗi kowa kada a faɗa wa tsohon. To, gefen direba kaɗai hoton ya nuna. Maƙerin ya ce ai wannan ba abin damuwa ba ne, yadda dama take haka hagu take, ya kwafe ɗaya a kan ɗaya.

Bayan wata uku, ranar wata Juma'a, maƙwabta suka cika zaure, ya ɗora motar a cinyar uban. Yatsun tsohon suka bi hancin, suka taɓa ham ɗin, fuskarsa ta fara sakewa. Da suka zagaya gefen hagu sai suka tsaya, suka lalubi ƙarƙashin ƙofa, suka sake lalubawa. Tsohon ya miƙa wa ɗan abinsa ya ce, "Motar ta yi kyau, ɗana, amma ta wani ce. Ina matakalar uwarka?" Ashe marigayiyar gajeriya ce mai ciwon gwiwa, shi ya sa ya ƙera mata matakalar ƙarfe da mariƙi a ƙofarta. Kunya ta rufe maƙerin a gaban jama'a. Can sai ya farga: rabon da tsohon ya yi magana mai tsawon wannan, shekara biyu ke nan! Da gudu ya kwaso almakashinsa da dalmarsa ya baje a zauren, ya ce, "Baba, faɗa mini, ni kuma in ƙera."

Nan fa baki ya buɗe. Matakalar ta ɗan karkace tun ranar da ta daki kututture. Akwai ƙugiyar rataye buta a baya. In ɗan ya kuskure awo, tsohon ya shafa ya daka masa tsawa, ya kira shi makaho, zaure ya kece da dariya har da shi kansa. Ranar da aka gama, tsohon ya ɗora babban yatsansa a kan 'yar matakalar, ya yi ƙarar ham da baki, "Pam! Pam!", ya juya gefen hagunsa ya ce, "Hau mu tafi, Hajiya, rana na yi."

Saboda haka, Lurwanu, jira gyatumarka ta dawo ka tambaye ta kafin ka taɓa ko ƙusa ɗaya. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.